Baƙo Da Lamuni: Daga Mai Masauki Zuwa Banki

Kirikasamma tana cikin ƙasar Haɗejiya, a yankin fadamun da Kogin Haɗejiya ya kan malale da damina. In ruwa ya janye sai ya bar kifi, da ciyawa, da dausayi. Saboda haka tun zamanin da baƙi ba su yankewa a wannan yanki: masunta, da Fulani makiyaya, da 'yan ci-rani daga ƙasar Damagaram, da fatake masu sayen bandar kifi. Inda duk a ke ciniki kuwa ba a rasa bashi. To, amma ƙaƙa za a ba da bashi ga wanda ba a san asalinsa ba, wanda gobe yana iya ɗaukar ƙunshinsa ya wuce?

Mutanen da suna da dabararsu. Baƙo in ya zo gari sai ya sauka wurin fatoma, watau mai masauki. Shi ne zai ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali. In baƙo ya nemi kaya bashi, mai masauki ya ke tsaya masa. In kuma baƙon ne ya sayar da hajarsa bashi, mai masauki ya ke lamunce masa kuɗin. Wanda ya ci amana sau ɗaya labarinsa zai riga shi isa kasuwar gaba. Da wannan tsari Hausawa suka yi fataucin goro a Gwanja da Kumasi, da cinikin shanu a Sabo ta Ibadan. Ba a tambayar mutum takardar ƙasarsu. Abin da a ke tambaya shi ne, wa ya san shi?

A shekarar 1906 Turawan Ingila suka ci Haɗejiya. Tsakanin 1906 da 1908 kuma aka kafa alamun iyaka tsakanin ƙasar Ingilishi da ta Faransa. Tun daga nan Badamagare ya zama mutumin wata ƙasa, ko da ya ke harshe ɗaya ne, kasuwa ɗaya. Sannu a hankali takarda ta soma cin gadon mai masauki.

Hausawa sun ɗanɗana zafin wannan a Gana. Ran 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa izinin zama mako biyu su fita. Dubban mutane suka karyar da kayansu da arha, suka bar gidaje da basussukan da su ke bi. A Janairu 1983 Nijeriya ita ma ta kori baƙi fiye da miliyan ɗaya. Masu ba da lamuni suka gane cewa baƙo marar takarda yana iya ɓacewa dare ɗaya, ko da shi mai gaskiya ne.

Sa'an nan kuma aka sami wani dalili sabo. Masu fataucin miyagun ƙwayoyi da ɓarayin dukiyar jama'a su kan zuba kuɗi a banki da sunan ƙarya, don su fito da shi kamar na halal. Don magance wannan manyan ƙasashe suka kafa kwamitin FATF a Faris a 1989. Babbar ƙa'idarsa ita ce, kowane banki ya san wanda ya ke hulɗa da shi. Nijeriya ta kafa hukumar EFCC a 2003. A 2014 aka fito da lambar BVN, wadda a ke haɗawa da hoton yatsun mai ajiya. A Disamba 2023 Babban Banki ya ce ko ƙaramin asusu ba a buɗe shi sai da BVN ko lambar NIN. Ita NIN kuwa ɗan ƙasa a ke ba, da baƙon da ke zaune bisa izini.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mutanen Afirka ta Yamma damar shiga ƙasashen juna har kwana 90 ba biza. Amma izinin shiga dabam, izinin zama dabam. A Janairu 2025 kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar, tare da Mali da Burkina Faso.

Dokokin nan suna da amfani, gama sun toshe wa ɓarayi ƙofofi da yawa. Amma wanda su ke fi faɗa wa sau da yawa ba ɓarawo ba ne. Masuncin da ya shekara ashirin a fadamun Kirikasamma, duk gari an san shi, in ba shi da takarda banki ba ya saninsa. Sai ya riƙa yawo da kuɗinsa a lalita, ko ya sa su a asusun wani. In raga ta yage ko jirgi ya fashe, sai ya ci bashi wurin mai sayen kifi, ya biya da kifin a farashin da aka yanka masa. Kuɗin da ke yawo haka kuwa hukuma ba ta ganinsa, alhali ganinsa ne maƙasudin dokar.

Ashe tambayar ba ta sake ba tun zamanin fatake: wa ya san shi? Da mai masauki ke amsawa, da mutuncinsa da dukiyarsa. Yanzu lamba ke amsawa. Saboda haka alheri mafi girma da mai masauki zai yi wa baƙonsa yau shi ne ya raka shi ofishin shige da fice, ya ga ya sami takardarsa tun bukata ba ta taso ba.