A'isha Falatiya

A'isha Musa Ahmad, wadda aka fi sani da A'isha Falatiya, mawaƙiyar Sudan ce da ta rasu a Omdurman a 1974. Ita ce mace ta farko da aka ji muryarta tana waƙa a Rediyon Omdurman, a farkon shekarun 1940.

An haife ta a Kassala. Iyayenta mutanen ƙasar Sakkwato ne da tafiyar aikin hajji ta zaunar da su a Sudan; daga nan laƙabin nata ya samo asali, don Falata mutanen Sudan ke kiran baƙin Yammacin Afirka. Mahaifinta malamin allo ne, a makarantarsa ta Omdurman ta koyi karatun Alƙur'ani. Da ta fara waƙa a gidajen biki, ransa bai so ba, ya aurar da ita. Auren bai ɗore ba, ta koma bakin sana'arta.

Ta naɗi fayafayai a Alƙahira. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma ta riƙa bin sansanonin sojojin Sudan tana yi musu waƙa. Ƙanwarta Jidawiyya ce ke kaɗa mata ud, molon Larabawa, abin da ba a saba gani a hannun mace ba a zamanin. Yawancin waƙoƙinta da Larabcin Sudan ta rera su.