Jarin manomin auduga da muryar da bai samu ba

Wanda ya ce mutanen Funtuwa da Malumfashi baƙi ne a harkar zuba jari bai bi sawun kuɗin auduga ba. Kamfanin BCGA, wanda masu masaƙun Ingila suka kafa a 1902, shi ya gina gidajen gurza a garuruwan biyu, kuma layin dogon da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929 ya sa audugar yankin ta sami hanyar zuwa teku. A wancan zamani manomi kan kai kayansa fuloti bayan kaka, malami ya duba ya ce lamba ɗaya ce ko lamba biyu, a ɗora a sikeli, wakilin saye ya ƙirga masa kuɗi. Daga 1949 hukumar ciniki ce ke yanke farashin, a 1954 kuma aikin ya koma hannun hukumar Jihar Arewa. Abin da ke tsakanin farashin fuloti da farashin kasuwar duniya hukumar ke riƙewa, da hujjar tanadi saboda shekarar da kasuwa za ta faɗi. Da irin wannan rarar aka sa hannu wajen kafa masaƙar Kaduna a 1957 da wasu manyan ayyukan Arewa. Manomi ya zuba jari ke nan, amma ba a ba shi takardar shaida ba, ba a raba riba da shi ba, ba a kuma taɓa kiransa taro ba. Ko da gwamnatin tarayya ta kafa hukumar auduga ta ƙasa a 1977 ta ajiye hedikwatarta a Funtuwa, ofis ne ya matso kusa da shi, yanke shawara bai matso ba, har aka rushe hukumomin ciniki a 1986.

Takardar shaidar ta zo daga baya. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun tilasta wa kamfanonin waje sayar da kaso, sai dai kasuwar hannun jari tana Legas, reshenta na Kaduna ma sai a 1978 aka buɗe shi. Babban yunƙurin shigar da talakan Arewa ya zo ne a 1988, da aka kafa kwamitin sayar da kamfanonin gwamnati a ƙarƙashin Dokta Hamza Zayyad, mutumin Katsina, wanda ya tsaya a kan a ware wa kowace jiha kasonta don kada 'yan gari ɗaya su saye dukiyar ƙasa duka. Sai kuma guguwar 2004 da 2005, lokacin da Babban Banki ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25, bankuna suka bazama neman masu saye har a garuruwan da ba su taɓa waiwaya ba. Kafin nan da kaɗan, a 2003, kamfanin Jaiz, mai shirin kafa bankin da ba ya harkar ruwa, ya sayar da hannun jarinsa ga jama'a, ya jawo waɗanda ke ƙyamar kuɗin ruwa, kuma jagoran tafiyar, Alhaji Umaru Mutallab, ɗan Funtuwa ne. Malaman makaranta, 'yan kasuwar hatsi da manoman da masara ta yi wa kyau sun cike fom sun biya.

Abin da ya biyo bayan sayen shi ne inda tsarin ya gaza, kuma ya cancanci a dube shi da kyau. Kamfani ya yanke rabon riba a Legas, magatakardansa ya buga takardar biya da sunan mai jari, ya jefa a gidan waya zuwa akwatin da mutum ya rubuta a fom shekarun baya, sau da yawa akwatin makarantar da aka daɗe da yi masa canji daga cikinta, ko na wani ɗan'uwa ma'aikaci. A lokacin, takardar wata shida take da rai. Idan ta iso a kan lokaci ma, an daɗe ana cewa sai a asusun ciniki za a zuba ta, alhali mafi yawan mutane asusun ajiya gare su. Ribar kuma wani lokaci ba ta kai kuɗin motar zuwa banki ba. Haka takardun ƙarin hannun jari na kyauta da na tayin ƙarin saye suka riƙa ɓacewa a hanya. Idan mai jarin ya rasu, magada su tarar da takarda a ƙasan akwati tare da takardun gona, kotun shari'a ta raba gado, amma magatakardan kamfani ya nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda neman ta kan ci fiye da abin da ake bi. A 2023 hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta ce ribar da ba a karɓa ba a ƙasar ta kai kimanin naira biliyan 190.

Na'ura ta gyara babban ɓangare na wannan, kuma babu dalilin rage mata yabo. A 1997 kamfanin CSCS ya fara ajiye hannayen jari a kwamfuta maimakon takarda, a 2014 aka fito da lambar BVN, a 2015 SEC da Babban Banki suka buɗe tsarin da mutum zai yi rajista a bankinsa ribar ta faɗa asusunsa kai tsaye. Wanda ya yi rajista a Malumfashi yau yana jin ƙarar saƙo a wayarsa rana ɗaya da na Ikoyi a Legas. Amma hannun jari haƙƙi biyu ne, na riba da na ƙuri'a, kuma na biyun yana nan inda hukumar ciniki ta bar shi. Doka ta ce a aika sanarwar babban taron shekara kwana 21 kafin a zauna, wanda ba zai je ba ya naɗa wakili ya mayar da fom awa 48 kafin taro. Fom ɗin da Turancin lauyoyi yake, kuma wanda bai rubuta sunan kowa ba, bisa yadda aka saba tsara shi, shugaban taron ne wakilinsa. A 2020, saboda annobar korona, hukumar rajistar kamfanoni ta yarda a yi taro ta hanyar wakilai kaɗai, kamfanoni suka riƙa buga jerin sunayen da mai jari zai zaɓa daga ciki. Hausawa sun san wakilci tun kafin kamfani, a ɗaurin aure da cinikin gona, kuma sharaɗinsa a fiƙihu sananne ne: mai abu ne ke zaɓen wakili, kuma ya san abin da aka wakilta a kai. Wakilcin da wanda za a bincika ne ya tsara shi bai cika wannan sharaɗi ba.

Za a ce mai hannun jari dubu biyu ba ya juya ƙuri'a a kamfanin da ke da biliyoyi, don haka a ba shi ribarsa a huta. Gaskiya ne idan aka ƙirga bisa yawan jari manyan masu kuɗi da kamfanonin fansho ne ke rinjaye. Sai dai a tarurrukan masu jari ake amincewa da albashin daraktoci, da naɗin masu binciken kuɗi, da haɗewa da wani kamfani, da ƙarin jarin da ke rage kason ƙarami idan bai saya ba. Waɗanda suka sa kuɗi a Bank of the North sun wayi gari a 2006 jarinsu ya koma Unity Bank, waɗanda suka saya da tsada a lokacin guguwa kuma sun ga faɗuwar kasuwar a 2008. Irin waɗannan lokutan ne ake bukatar wanda zai tashi ya yi tambaya a rubuta ta. Za a kuma ce gyaran dokar kamfanoni na 2023 ya ba kamfanonin jama'a damar yin taro ta intanet, kowa na iya shiga daga ɗakinsa. Wannan ci gaba ne na gaske, amma ya ɗauka cewa mai jari yana da adireshin imel a wurin magatakarda, yana karanta rahoton shekara da Turanci, kuma layin waya na aiki a garinsu, abin da ba shi da tabbas a yankin da aka rufe layukan a 2021 saboda 'yan bindiga, Funtuwa da Malumfashi duka a ciki.

Abin da ya rage aiki ne da fasahar da ke hannu za ta iya. Tsarin da ya san asusun mutum har ya tura masa riba zai iya tura masa kudurorin taro da Hausa ta saƙon waya, ya karɓi amsarsa ta lambobin da yake tura kuɗi da su. Ƙungiyoyin manoma kuma, waɗanda suka saba karɓar taki da bashi a dunƙule tun zamanin aikin gona na Bankin Duniya da aka fara a Funtuwa a tsakiyar shekarun 1970, suna iya tattara fom ɗin mambobinsu su naɗa mutum ɗaya nasu, domin doka ba ta ce sai wakili ya kasance mai jari a kamfanin ba. Tun da dokar kuɗi ta 2020 ta ba gwamnati damar ɗaukar ribar da ta shekara shida ba a karɓa ba ta riƙe a matsayin bashi, ƙungiyar da ta fara da bin sunayen mambobinta da na iyayensu a jerin magatakarda za ta sami kuɗin da za ta biya wa wakilin nata mota.