Daga Akushi Zuwa Kula: Tarihin Abincin Babban Baƙo a Ƙasar Kano

Duk wanda ya daɗe yana kallon finafinanmu na Hausa ya san fitowar nan da ba a rasa ta. Amarya ta ci kwalliya, ta jera kuloli a kan tebur, maigida ko wani babban baƙo ya zo ya zauna, ta buɗe, sai ga shinkafa fara sol da jar miya da cinyar kaza a sama, ga lemon kwali a gefe. Ya kai cokali biyu, ya lumshe ido, sai darakta ya yanke, a tafi waƙa. Tun da finafinan bidiyo suka kankama a Kano a shekarun 1990 ake maimaita wannan fitowa, har ta zauna a kan matasa cewa in kana son ka karrama wani naka da abincin dare, to shinkafa da kaza ne kawai mafita.

Su masu shirin fim suna da uzurinsu, domin a lokeshin babu abin da ya fi sauƙi kamar a aiki yaro gidan abinci ya sayo faranti biyu. Amma a gidajen mutane abin ba wasa ba ne. Nawa aka yi rigima a kan kuɗin cefane saboda surukai za su zo? Mata nawa ne suka ci bashi ranar girkinsu don kada kishiya ta fi su? Don haka na ga ya kamata mu ɗan leƙa tarihi, mu ga yadda aka yi abincin fita kunya ya tashi daga abin da mace ke samarwa da guminta, ya koma abin da sai aljihu ya yarda.

Bari mu fara daga Rijiyar Zaki, a Ƙaramar Hukumar Ungogo. Yaron yau da ya bi titin Gwarzo daga Kabuga zai ga shaguna da gidajen bulo ne a jere, har zai yi mamaki in aka ce masa nan ƙauye ne. To amma kafin Jami'ar Bayero ta buɗe sabon matsuguninta a wannan hanya a shekarun 1980, kuma birni ya biyo bayanta, gonaki ne da gidajen manoma a warwatse. A 1965 wani masanin labarin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello, Michael Mortimore, tare da abokin aikinsa Wilson, sun fitar da bincike a kan gundumar Ungogo. Abin da suka tarar shi ne jama'a maƙil, gonaki ƙanana, ana noma su kowace shekara ba a barin su su huta, jakuna na kai itace birni suna dawowa da taki. Gero da dawa da wake na rumbu ne, gyaɗa kuma ita ce ta haraji da sutura.

To a irin wannan gida, in aka ce ga babban baƙo nan tafe, ko suruki, ko malami, ko ɗan'uwa da ya dawo daga fatauci, me ake ba shi? Hatsin dai da ake ci kullum shi za a ɗebo. Bambancin yana wajen aiki. Za a surfa shi da kyau, a bakace, a wanke, a niƙa a dutse ko a daka, a tankaɗe sau biyu har gari ya yi laushi kamar kwalli. A yi talge, a tuƙa har gudaji ya ɓace, a kwashe da mara a malmala a cikin akushin da aka shafe da mai. Miya kuwa ta kuka ce ko ta kuɓewa, sai dai ranar ba a ƙyashin daddawa, a kuma kwarara man shanu a kai. In baƙon ya isa baƙo, sai a kama zakara ko zabuwa a tsakar gida a yanka. Kafin tuwo ya nuna an riga an dama masa fura da nono, an rufe ƙwarya da sabon faifai.

Mai karatu ya duba da kyau, a duk wannan lissafi abin da aka saya da kuɗi bai wuce gishiri da kanwa da nono ba. Sauran duk na gida ne. Amma tun hantsi mace take kan turmi, kuma baƙo da ya kai loma ɗaya ya san awa nawa aka ɓata dominsa. Laushin tuwo shi ne yake gaya masa matsayinsa a gidan. Sannan ba a zama a sa shi gaba ana tambayarsa ko ya yi daɗi. A kai masa zaure ko ɗakin baƙi, a ba shi wuri. Yadda akushi ya dawo, shi ne amsa. Wannan zaman da muke gani a fim, na miji da mata suna ba juna a baki, daga finafinan Indiya da littattafan soyayya muka ɗauko shi, kakanninmu kunya ba za ta bar su ba.

Wannan ke nan a karkara. A cikin ganuwa kuwa, tafiyar da ba ta kai yini ba daga Rijiyar Zaki, akwai wani abincin burgewa na daban, wato na alkama. Sunayen ma kaɗai sun isa su nuna inda ya fito: alkama, alkaki, alkubus, gurasa, duk kalmomin Larabci ne da bakin Bahaushe ya lanƙwasa. Fataken Gadamas da Tarabulus da suka zauna a Dandalin Turawa (kada a manta, Larabawa aka fara kira Turawa a Kano) sun zo da ɗabi'ar cin ta, ana kuma noma ta da rani a fadamu, ana ban ruwa da jigo. Baturen nan Clapperton, da ya shigo Kano a watan Janairun 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya ba da labarin cewa ya ga ana sayar da abincin alkama iri uku a kasuwa, har da wanda ake zuba wa zuma da man shanu. Amma noman jigo wahala gare shi, guga-guga ake ɗebo ruwa, saboda haka alkama ba ta yawa, ta zama ta fada da gidajen attajirai. Taliyar da ake murzawa da hannu, zare-zare, a shanya, abincin manya ce a wancan zamani. Talakan ƙauye sai dai ya ɗanɗana alkaki in an kawo gara.

Ita ma shinkafa haka take. Muna da tamu ta gado, ja, wadda ake nomawa a fadamun Sakkwato da Kabi tun kafin zuwan Bature, amma ƙasar Kano ta jigawa ce, ba ta shinkafa ba. Tambayi duk wani dattijo da ya haura saba'in, zai gaya maka cewa suna yara sai da Sallah ko biki suke ganin tuwon shinkafa. Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta: darajar da shinkafa ke da ita a idonmu yau, tun daga wancan ƙarancin ta samo ta.

Abin da ya birkita lissafin duka ya faru ne cikin shekara goma kacal. Gwamna Audu Baƙo ya gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama a 1974, ruwa ya gangara Kadawa da Kura, aka shiga noman alkama da shinkafa da tumatir da rani. Jar miyar nan da muke ɗauka kamar da ita aka halicce mu, sai da tumatir ya yi arha sannan ta zama ta kowa. Dunƙulen Maggi, wanda ya shigo ƙasar nan a shekarun 1960, ya fara ture daddawa gefe. A lokaci guda kuɗin man fetur suka ɓarke, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya a 1975 har da bashin baya, Naira kuma ta fi Dala ƙarfi. Jiragen ruwa suka riƙa sauke shinkafar Amurka da ta Tailan a Legas, fara, ba tsakuwa, ba sai an tsince ba. A zamanin Shagari har kwamiti na musamman aka kafa na shigo da shinkafa, Umaru Dikko na shugabanta. Alkama ma ta waje ta cika ƙasa, ana niƙa ta a Apapa da Bompai, fulawa ta wadata, ƙaramin injin taliya na hannu ya shiga gidaje. Taliyar da a da sai gidan attajiri, ta koma abin da yara ke saye da mai da yaji a ƙofar makaranta.

A nan ne, a nawa ganin, ma'aunin ya juye. Macen da a da za ta yini kan turmi don ta fita kunyar baƙo, yanzu cikin awa ɗaya ta gama dafa-duka a kan risho. Wannan ci gaba ne, kuma duk namijin da ke kukan an bar gargajiya, a miƙa masa taɓarya ya gwada surfen mudu biyu tukuna. Sai dai sauƙin ya zo da sharaɗi. Komai na cikin tukunyar saye ake yi, tun daga shinkafar har kananzir. Baƙo ya daina auna awannin da aka ɓata masa, ya koma ƙirga tsokar nama. Mazubin ma ya bi sahu: akushi ya ba langa wuri, langa ta ba samira, samira ta ba kula da farantin tangaran.

Kuma abin da ke hannun kasuwa, gwamnati na iya murɗe shi a dare ɗaya. A 1985 aka hana shigo da shinkafa, a 1986 Babangida ya kawo tsarin SAP Naira ta faɗi, a farkon 1987 aka hana shigo da alkama, sai a 1992 aka janye. Waɗanda suka yi aure a waɗannan shekaru sun san yadda shinkafa ta sake komawa abincin ranar Juma'a. Indomie, wadda ta shigo a ƙarshen shekarun 1980 kafin a fara yin ta a Ota, da taliyar leda ta kamfanonin gida irin su Dangote da Golden Penny, su suka zo suka rufa wa amare da gwauraye asiri. Indomie da ƙwai biyu da yankan albasa, ai an yi wa saurayi girki. To amma dubi inda finafinanmu suka tsaya: an haife su ne a tsakiyar wannan matsi, lokacin da shinkafa da kaza suka zama mafarki, shi ya sa kyamara ta maƙale a kansu har yau.

Na baya-bayan nan kowa shaida ne. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, aka buɗe a Disambar 2020. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023. Buhun shinkafa mai kilo 50 da ake saye wajen Naira 10,000 a 2015, ya haura Naira 80,000 a 2024, kodayake ya ɗan sauko daga baya. Mutumin Rijiyar Zaki da kakansa ke ɗebo abincin baƙo daga rumbu ya kamo zabuwa a bayan ɗaki, yau gonar ta zama fuloti, rumbunsa shi ne shagon bakin layi, mai shagon kuma Singa da Dawanau yake kallo kafin ya faɗi farashi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda tsohon ma'aunin ke dawowa ta bayan gida. Je ka bikin masu hali a Kano yanzu, ranar kamu ko wunin gargajiya, ka ga abin da ake rububi a kai. Shinkafa tana nan a kula ba mai kula ta, ana layi a kan dambu da dashishi da alkubus da funkaso da sinasir da waina da miyar taushe, an zuba su a ƙwarya da akushi an rufe da faifai. Dalili kuwa a fili yake: kowa na iya dafa shinkafa, amma ba kowace yarinya ce ta iya turara dambu ya yi washar-washar bai caɓe ba. Abin da ya yi ƙaranci yanzu shi ne iyawa, kuma abin da ya yi ƙaranci shi ke burge baƙo tun zamanin alkamar jigo.

Ga shi kuma dambun bai fi ƙarfin talaka ba. Tsakin masara ne rabin kwano, a wanke a tsane, a turara a madambaci ko a buhu mai tsabta a kan tukunya. In ya yi rabin nuna a sauke, a zuba zogalen da ake tsinkowa a katangar gida, da albasa da attaruhu da dakakkiyar gyaɗa da gishiri, a yayyafa ruwa kaɗan a mai da shi wuta. In ya nuna a soya albasa a man gyaɗa a kwarara, a ajiye yajin ƙuli a gefe. Ba kaza a ciki, kuma kuɗinsa duka bai kai na kazar ba. Awa biyu yake ci, wani lokaci da 'yan kai, kuma sai an tsaya a kansa, don in ruwa ya yi yawa ya zama tuwo, in ya yi kaɗan ya shaƙe baƙo.