Abincin gida na ƙasar Girka

Abincin yau da kullum a gidajen Girkawa ya dogara ne kan man zaitun, wake, kayan lambu da burodi. A al'adar ƙauye nama na ranar Lahadi ne da bukukuwa. Addini ma ya sa hannu: mabiya Cocin Otodoks sukan ƙaurace wa nama da madara ranakun Laraba da Juma'a, da kuma lokacin babban azumi kafin Ista, don haka uwayen gida suka gwanance wajen girkin da ba nama.

Mafi shahara shi ne fasolada, miyar farin wake da ake yawan kira abincin ƙasa. Ana jiƙa waken ya kwana, a dafa shi da albasa, karas, seleri da tumatir a kan wuta kaɗan-kaɗan har romon ya yi kauri, sannan a kwarara man zaitun ba ƙyashi. Akan ci da burodi da 'ya'yan zaitun, musamman lokacin sanyi. Girki ne mai araha da riƙe ciki, ya kuma cancanci sunan da ya yi.

Akwai kuma ladera, wato kayan lambu da aka dafa cikin mai da tumatir, irin su ɗanyen wake da kuɓewa. Ita kuɓewar sukan jiƙa ta da ruwan khal don rage yauƙi. Horta kuwa dafaffen ganye ne da ake matsa wa lemun tsami, kusa da wannan kuma akan ajiye cukun feta.

A 2010 hukumar UNESCO ta sanya tsarin cin abincin yankin Bahar Rum, har da na Girka, cikin al'adun gado na duniya.