Ɓeran Gwaji da Ciwon Naman Gwari a Tsokar Zuciya

Naman gwari ba ya yawan kama tsokar zuciyar mutum mai lafiya. Waɗanda yake yi wa ɓarna su ne masu raunin garkuwar jiki, kamar masu sankarar jini da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda ko ɓargo. Sau da yawa kuma ba a gane shi sai wajen binciken gawa. Wannan ne ya tilasta wa masana komawa ga ɓeraye da zomaye, domin a jikinsu ne ake iya bin cutar tun daga farkonta.

Hanyar da aka fi bi ita ce a ɗura wa ɓera ƙwayoyin naman gwari mai suna Candida albicans ta jijiyar wutsiya. To amma a yawancin ɓeraye ƙoda ce take ɗaukar nauyin cutar, ita ce kuma take kashe su. Sai a shekarar 2006 wasu masana a Montreal ta ƙasar Kanada suka nuna cewa ɓerayen zuriyar A/J, waɗanda jininsu ba shi da sinadarin garkuwa mai suna C5, zuciya ce take gazawa a jikinsu, su mutu cikin yini guda ko makamancin haka. Ƙwayar cuta ɗaya, allura iri ɗaya, amma zuriyar ɓera ce ta yanke gaɓar da za ta lalace.

A nan nake ganin ya kamata a yi hattara. Wanda ya zaɓi zuriyar ɓera ya riga ya zaɓi rabin sakamakonsa. Ga shi kuma ɓeran ana antaya masa ƙwayoyin a lokaci guda, alhali majinyaci a gadon asibiti cutar kan shige shi ne sannu a hankali, ta robar ƙarin ruwa ko ta hanji, bayan makonni yana shan magunguna masu karya garkuwa. Balle ma Candida albicans ba ta saba zama a hanjin ɓeran gwaji yadda take zaune a namu ba.

Duk da haka aikin bai zama banza ba. Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan ƙwaya da wani naman gwari mai suna Aspergillus fumigatus a sahun gaba na jerinta na naman gwari masu haɗari na 2022, za a ƙara gwada magunguna a kan dabbobi. Sai dai duk rahoton da bai bayyana zuriyar ɓeransa da yanayin garkuwarsa ba, bai cancanci likita ya dogara da shi ba.