Sukuwar Dawaki da Farashin Caca: Daga Ingila zuwa Barno

Dillalin caca na filin sukuwa mutum ne da ke kafa allo a gefen fili ranar tsere, ya rubuta wa kowane doki farashi, ya karɓi kuɗin 'yan kallo, ya biya waɗanda dokinsu ya zo na ɗaya. A Ingila sana'ar ta tsiro. Ana danganta farkonta da Harry Ogden, wanda a shekarun 1790 ya fara yanka wa kowane doki farashinsa daban a filin Newmarket. Wata doka ta 1853 ta rufe gidajen caca na cikin gari, filayen sukuwa kuma suka ci gaba da harkarsu, har zuwa 1961 da aka halatta shagunan caca. Saboda haka ne farashin da dillalan fili suka tsaya a kai lokacin da aka saki dawaki ya daɗe yana zama ma'aunin biyan masu caca a duk ƙasar.

Lissafin sana'ar ba shi da wuya. A ɗauka dawaki 4 ne, ƙarfinsu ɗaya, mutum 4 kuma kowa ya zuba ₦1,000 a kan doki guda. Da adalci za a bi, wanda ya ci ₦4,000 zai kwasa. Dillali sai ya yanka farashin da zai ba shi ₦3,500, ya soke ₦500 a aljihu, ko wane doki ya zo gaba. Gwanintarsa ita ce ya riƙa rage farashin dokin da jama'a suka yi wa ca, ya ƙara na wanda aka guje wa, har kuɗin su daidaita. Masu kare sana'ar sukan ce a fili dillalai da yawa ne jere da juna, mai wayo yana iya zagayawa ya zaɓi mafi tsoka. Haka ne, gasa tana rage ribar dillali, amma ba ta share ta, domin wanda ya share tasa ba zai dawo mako mai zuwa ba. Tun 1949 binciken wani masani, Griffith, a filayen Amurka ya nuna cewa masu zuba kuɗi a kan dokin da ba a sa ran zai ci sun fi kowa asara, alhali farashin irin wannan doki ne ya fi jan ido. Faransa ta bi wata hanyar: tsarin da Joseph Oller ya ƙirƙiro a 1867, inda ake tara kuɗin kowa wuri guda, a cire kaso, a raba saura ga waɗanda suka ci. A 1891 doka ta kori dillalai ta bar wannan tsari kaɗai, shi ne kuma kakan cacar PMU da ake bugawa yau a Nijar a kan dawakin da ke gudu a Faransa.

A Barno doki ya riga duk wannan da ƙarnuka. Leo Africanus, wanda ya yi rubutu a farkon ƙarni na 16, ya ba da labarin cewa Mai na Barno yana sayen doki guda daga fataken Arewacin Afirka da bayi 15 ko 20. Mummunan ciniki ne, amma ya nuna inda darajar take: a jikin dokin da kansa, abin yaƙi da sarauta, wanda rundunar Mai Idris Alooma ta dogara da shi. Da Turawan Ingila suka kafa Maiduguri a 1907, Shehu Abubakar Garbai ya koma can da fadarsa, sun tarar da mutanen da ba sa bukatar a koya musu hawa. Abin da mulkin mallaka ya kawo shi ne fili mai zagaye da awo da kofi, irin filayen sukuwa na Kano da Kaduna da Legas, sai kuma ƙwallon dawaki, wadda har yau wata unguwa a Maiduguri ke amsa sunanta, wato Polo. Dillali da allonsa bai samu gindin zama irin na Ingila ba.

Dalilin yana cikin littattafan da almajiran Barno suka daɗe suna karantawa. Alƙur'ani ya haramta caca a Suratul Ma'ida, aya ta 90, amma fiƙihu bai hana tsere ba. Risala ta Ibn Abi Zaid ta halatta tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya, ta kuma kawo ra'ayin Imamu Malik: mutum guda ne zai sa kyauta, idan wani ya riga shi ya ɗauka, idan shi ya zo gaba kyautar ta koma ga mai bi masa. Wato an toshe ƙofar da mai sa kuɗi zai ci riba da kuɗinsa, ɗan kallo kuwa ba a ba shi damar zuba kuɗi ba. Barno na cikin jihohi 12 da suka faɗaɗa aiki da Shari'a bayan Zamfara ta fara a 1999, abin da ya ƙara wa wannan tsohon hukunci ƙarfin doka.

Hujja mafi nauyi da ake kawowa ita ce ta kuɗin gudanarwa. A Ingila tun 1961 ana karɓar haraji daga masu harkar caca ana zuba wa sukuwa, da shi ake ƙara kyaututtuka da kula da lafiyar dawaki. Sukuwar Arewa ba ta da irin wannan rijiya, ta dogara ne da sarakuna da attajirai da gwamnatoci, shi ya sa takan yi ƙarfi idan an samu mai sha'awa, ta yi sanyi idan ya kau. Wannan rauni ne na gaske. Sai dai harajin na Ingila daga asarar 'yan kallo yake fitowa, kuma lissafin ₦500 ɗin nan ya nuna ba a iya raba shi da ita. Mai son sukuwa ta ɗore a Maiduguri zai fi samun mafita a kuɗin shiga fili, da tallafin kamfanoni, da cinikin dawaki masu asali, domin su ne hanyoyin da doka da malaman garin ba za su tare ba.