Daga Mangalar Jaki Zuwa Lambar Jikin Ƙofa: Nawa Ne Iyakar Abin Da A-Kori-Kura Za Ta Ja?

Yau za mu ɗan ajiye saitin waya mu taɓa tarihi, amma riƙe wayarka, akwai aikin da za ta yi a ƙarshe.

In ka taɓa cin kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, ka san yadda motoci ke fita da yamma: buhuna sun haura kan direba, gindin mota ya kusa shafar ƙasa, wani lokaci har da amalanke ko mataccen injin a ɗaure a baya, an nufi Daura ko Kongolam. To da can ba haka lodi yake ba. Ba wai don mutanen da sun fi mu tausayi ba ne, a'a, abin hawan ne yake da bakin magana. Raƙumin da ya ɗauko gishiri daga Bilma, in aka wuce masa abin da zai iya, wajen kilo 150 zuwa 200 a doguwar tafiya, sai ya yi ta kuka ya ƙi tashi. Jaki ma durƙushewa yake. Kuma fatake sun san ba nauyi kaɗai ba ne, har da rabonsa: mangala in ta rinjaya gefe ɗaya, ba za a kai zango ba sai ta ji wa jakin ciwo.

Da mota ta zo sai wannan gargaɗin ya ɓace. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, a-kori-kurar 504 ta cika ƙauyuka, daga baya Hilux, wadda Toyota ta fara fitarwa tun 1968, ta karɓe fagen. Ƙarfe ba ya kuka. Ko ka ninka mata kaya za ta tashi, sai dai ranar da ka taka birki a gaban garken shanu ka ji motar ba ta san da kai ba. Shi ya sa masu ƙera mota suka koma rubuta iyakar da lamba.

Ita ma lambar tana da nata tarihin. Daga 1958 zuwa 1960, a jihar Illinois ta Amurka, an yi ta zagaya manyan motoci a kan titunan gwaji don a ga abin da nauyi ke wa kwalta. Abin da aka gano ya ba da mamaki: in ka ninka nauyin da ke kan layin taya ɗaya, wato aksil, ɓarnar ba ninki biyu take ba, kusan ninki 16 ce. Irin wannan lissafin ne ya sa ƙasashen UEMOA, har da Nijar, suka kafa dokar awon manyan motoci a 2005, ECOWAS ta biyo da tata a 2012. Don haka in ka ga kwalta ta yi kwari daidai sawun tirela, ba ruwan sama kaɗai za ka zarga ba.

Ta ɓangaren ja kuwa, an daɗe kowane kamfani yana faɗin abin da ya ga dama don talla. Sai a 2008 injiniyoyin Amurka suka fito da ma'auni ɗaya mai suna SAE J2807. Cikin gwajin har da hawan wani dogon tudu a Arizona, kusan kilomita 18, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba, da na'urar sanyaya mota a kunne, kai ka ce watan Afrilun Mai'adua suka auna. Toyota ta fara bin ma'aunin a motocin 2011, su Ford da GM da Ram sai a na 2015.

To yanzu ɗauko wayar. Buɗe ƙofar direba, ko ka duba cikin bonet, za ka ga ɗan ƙarfe ko takarda mai lambobi. Ɗauke shi hoto. Motar da ta fito daga Turai, irin 'yan Kwatano, lambobi huɗu ne a jere: na farko iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, na biyu motar haɗe da abin da take ja, na uku aksil na gaba, na huɗu na baya. 'Yar Amurka kuma za ka ga an rubuta GVWR, shi ne na farkon.

A ce naka ya nuna 3,000 da 5,500, motar kuma ba kaya kilo 2,000 ce. Buɗe kalkuleta. Abin da ya rage maka 1,000 ne, kuma kai da yaron mota da fasinja duk a ciki kuke. Buhun gero mai kilo 100 ke nan takwas, ba ashirin ba. In ka cika ta haka, abin da za ka ja a baya ba zai wuce 2,500 ba, shi ma sai in yana da birkin kansa. Wanda ba shi da birki, irin amalanken da ake haɗawa wajen mai walda, ƙa'idar Turai kilo 750 ce kacal, da nauyin amalanken a ciki.

Ga inda direbobi da yawa ke mantawa. Abin da kake ja yana danna ƙugiyar motar da wajen kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, kuma haka ake so. Amalanke mai kilo 2,000 ya ci maka buhu biyu daga cikin takwas ɗin nan. Kada kuma ka ce bari ka tura kayan can bayan amalanken don motar ta huta. Da zarar ka ɗan yi gudu zai fara kaɗa wutsiya, ya ja gindin motar hagu da dama. Kaya masu nauyi gaban tayar amalanke ake sa su, a ƙasa, a ɗaure tamau, gefe da gefe daidai kamar mangala.

In motarka an yi mata fenti an shafe lambar, rubuta samfurinta da shekararta a Google ka sauke littafinta, ka ajiye shafin nauyin a waya.